Narka launi cikin launi ba tare da ratsi ko dauɗa ba

Da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, aikin zane yakan yi wa masu yinsa a Makka da Jidda rubdugu: katin barka da shan ruwa, tallar Umara, sanarwar tafsiri, sai kuma katunan ɗaurin aure da walimar sauka da ke biyo bayan Salla. Kusan kowanne cikinsu bayansa, wato shimfiɗar da rubutu ke zaune a kanta, launi ne da ke narkewa cikin wani launi, abin da Photoshop ke kira Gradient, Larabawa masu koyar da zane kuma su ce tadarruj. Yaranmu da yawa da ke wannan sana'a, daga Shari'a Mansur har unguwannin kudancin Jidda, sun ƙware a tsara rubutun Larabci da na boko, amma idan aka zo bayan katin sai su ɗauki wanda manhaja ta zo da shi su shimfiɗa. Shi ya sa za ka ga katin aure da tallar shagon turare sun fito da riga iri ɗaya. Haɗa naka ba ya cin minti goma, sai dai akwai wurare biyu da yake lalacewa, tsakiyarsa da kuma tsawonsa, kuma kowanne yana da dalilin da za a iya lissafawa.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san yadda ake samun shuɗi hawa-hawa: ana tsoma zane a baba, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, kowace tsomawa tana ƙara masa duhu kaɗan. Kwamfuta ma haka take yi, sai dai da lambobi. Kowane ɗigon hoto ja ne da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255, wato matakai 256. Kai za ka ba ta launin farko da na ƙarshe, ita kuma ta cike tsakani. Ba ta san kyau ba, lissafi kawai ta sani.

A fara da shimfiɗar aikin. Katin A5 na bugawa milimita 148 ne a 210, ka ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ƙarfin hoton, wato Resolution, 300. Na Snapchat ko status ɗin WhatsApp fiksel 1080 a 1920. Tun a nan ka sa zurfin launi ya zama 16 bit. In ka riga ka buɗe, je Image, Mode, ka zaɓi 16 Bits/Channel kafin ka zuba komai, domin mayar da shi bayan an zuba ba ya gyara abin da ya riga ya ɓaci. Kada ka zuba launin kai tsaye a kan leyar baya, wato shimfiɗar da ke can ƙasan aikin. Je Layer, New Fill Layer, Gradient. Wannan leya tana ajiye lambobinka, gobe in mai aiki ya ce koren ya yi duhu, latsawa biyu za ka yi ka canza. Tun 2023 ma, in ka danna G ka ja a kan aikin, Photoshop da kansa yake buɗe irin wannan leya, sai in ka mayar da shi Classic gradient.

Latsa sandar launin, Gradient Editor zai buɗe. Ƙananan akwatunan da ke ƙarƙashin sandar su ne tashoshin launi, na samanta kuma su ne na kauri, wato yadda launin zai rufe abin da ke ƙasansa ko ya bar shi ya fito. Latsa ƙarƙashin sandar a inda babu komai, sabuwar tasha za ta fito. Ja ta ƙasa, ta ɓace. Riƙe Alt ka ja, ta haifi irinta. Kowace tasha tana da gurbin Location daga 0 zuwa 100, kuma rubuta lambar da hannu ya fi jan linzami, don za ka iya maimaita aikin daidai wata rana. Tsakanin kowace tasha biyu akwai ɗan ɗigo mai kusurwa huɗu, shi ke nuna inda launukan biyu suka yi rabi da rabi. In ka matsar da shi daga 50 zuwa 70, launin farko zai ci fili, na biyun ya takura a ƙarshe. Mutane da yawa ba sa taɓa wannan ɗigo, alhali sau tari shi kaɗai ya isa ya gyara aiki ba sai an ƙara launi na uku ba.

Yanzu ga matsalar tsakiya, wadda ita ce ta fi ɓata aiki. Ɗauki shuɗi tsantsa, 0, 0, 255, da rawaya tsantsa, 255, 255, 0. Rabin kowace lamba shi ne 128, 128, 128, ruwan toka ke nan, babu shuɗi babu rawaya. Duk launuka biyu da ke fuskantar juna a da'irar launi haka suke yi, suna kashe juna a hanya. Ko waɗanda ba sa fuskantar juna sukan yi dauɗa a tsakiya, kuma misalin da ya fi shafar mu shi ne kore da ruwan zinare, waɗanda ake haɗawa a kusan duk katin Ramadan, a kuma cika gari da su idan Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, ta ƙarato. Sa #0B5D3B a farko, #D4AF37 a ƙarshe. Tsakiyar za ta faɗo wajen #708639, wani kore-kore mai dauɗa kamar kainuwar da ta fara ruɓewa. Babu laifin koren, babu laifin zinaren, hanyar da ke tsakaninsu ce ta ratsa ta kwata. Maganin shi ne ka zaɓa mata hanya da kanka: sa tasha a 55, ka ba ta #6FA32B, kore mai rai da ya fara karkata zuwa rawaya. Dabarar samun irin wannan launi ita ce ka latsa tsakiyar sandar, manhaja ta ba ka launin da ta lissafa, ka buɗe shi, ka bar lambar H, wato nau'in launin, yadda take ko ka ɗan motsa ta, ka ɗaga S, ƙarfin launin, da B, haskensa, da maki goma zuwa ashirin har dauɗar ta wanke.

Akwai dalili na biyu da tsakiya ke yin duhu. Lambobin allo ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa da hasken gaske. Lamba 128 ba rabin haske ba ce, kusan kashi 22 cikin ɗari ce. Rabin haske yana wajen 188. Saboda haka idan aka raba lambobi biyu kai tsaye, tsakiyar takan fito da duhun da babu shi a kowane gefe, musamman tsakanin ja da kore. Don haka ne tun fitowar Photoshop 2022 aka sa gurbin Method. Classic shi ne tsohon lissafi, wanda na yi misalan nan da shi. Linear yana lissafi da hasken gaske, tsakiyarsa tana yin haske, ya dace da fitila da hasken rana, amma in akwai baƙi a gefe ɗaya sai ya matse shi can ƙurya. Perceptual yana bin yadda ido ke gani, kuma ni dai shi nake ganin ya kamata a fara da shi a kowane aiki, a koma Classic kawai idan ana son sabon aiki ya yi daidai da tsohon fayil. GIMP, wata manhajar zane ta kyauta, yana da irin wannan zaɓi a Blend Color Space, kuma tun fitowar 2.10 a 2018 ana gyara tashoshi a kan hoton kansa. Ko wanne ka zaɓa, shuɗi da rawaya sai ka sa musu tasha a tsakiya.

Launuka mafi kyau ba daga kai ake ƙago su ba, daga sama ake ɗebo su. Ɗauki hoton magariba da wayarka a bakin Bahar Maliya a Jidda, ka buɗe shi, ka ɗauki Eyedropper, ka mayar da Sample Size zuwa 11 by 11 Average don kada ka faɗa kan ɗigo ɗaya mai hayaniya. Za ka lura da abu guda: sama ba ta raba launukanta daidai-wa-daida. Shuɗi mai duhu ya cinye kusan rabi, jan da ruwan goron sun cunkushe a ƙasa kusa da ruwa. Ga tsarin da ke bin wannan, daga sama zuwa ƙasa: #14213D a 0, #5B2A6E a 45, #D1495B a 70, #F79D3C a 88, #FFD98A a 100. Gwada ka jera su a 0, 25, 50, 75, 100, nan take zai daina kama da sama ya koma tuta. Tazarar da ba ta daidaita ba ita ce ke sa ido ya yarda.

Sai alkibla. Mai karatun Larabci idonsa daga dama yake farawa, mai karatun boko daga hagu. Katunanmu kuwa galibi suna ɗauke da biyun, bismilla da aya ko addu'a a sama, sanarwar Hausa a ƙasa. In ka ja launin daga gefe zuwa gefe, ɗaya daga cikin rubutun biyu zai fara a wurin da bai fito sosai ba. Daga sama zuwa ƙasa, kusurwa -90, ya fi lafiya, domin kowane layi yana zaune a kan launi kusan ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa. Riƙe Shift yayin ja yana tsayar da layin a miƙe a Photoshop. A GIMP Ctrl ne. Kuma a auna fitowar rubutu a wurin da bayan ya fi kusa da launin rubutun, ba a wurin da ya fi kyau ba. Farin rubutu a kan #14213D yana fitowa tar, a kan #FFD98A kuwa ya ɓace. Allon shago da za a karanta a hasken azahar na Makka yana bukatar bambanci mai ƙarfi fiye da abin da ya gamsar da kai a ɗaki mai sanyi da labule a sauke.

Matsala ta biyu ita ce ratsi, wato launin ya riƙa sauka mataki-mataki kamar matakalar bene maimakon ya sulale. Ta fi kama launuka masu duhu da ke kusa da juna, irin waɗanda ake so a bayan rubutun zinare don a kwaikwayi kwarjinin rigar Ka'aba. Ga lissafin. Daga #0B3D2E zuwa #06281E, koren ya tashi daga 61 zuwa 40, sauyi 21 kacal. A tsayin fiksel 1920, kowane mataki zai kai faɗin fiksel 91. A babban kyallen talla, wato bana, mai tsayin mita 2, kowane mataki santimita tara da rabi ne, faɗin tafin hannu. Jan da shuɗin suna sa nasu ƙananan matakai a tsakani, amma ba su isa su ɓoye shi ba. Ido kuma gwani ne wajen gano iyaka tsakanin filaye biyu masu santsi, ko da bambancinsu maki ɗaya ne. Aiki a 16 bit yana ba da matakai sama da 32,000 a Photoshop, sai dai JPEG da yawancin allo 8 bit ne, can za a koma a ƙarshe.

Abin yi shi ne a rikita iyakar. Da farko a tabbata an kunna Dither, wanda ke cakuɗa ɗigogin matakai biyu a inda suka haɗu. Idan bai isa ba, a zuba ɗan tsaki: zaɓi leyar launin, ka mayar da ita Smart Object, je Filter, Noise, Add Noise, Amount 1 zuwa 1.5, Gaussian, ka kunna Monochromatic don kada tsakin ya fito ja da kore. Na babbar bana za a iya kai shi 2 ko 3, tunda daga nesa ake kallo. A leyar baya kaɗai za a zuba, kada ya taɓa rubutu ko fuska. Wasu suna gudu zuwa Gaussian Blur, alhali a 8 bit goge tsakin yake yi ya dawo da ratsin ya ƙara masa faɗi. In kuma hali ya yi, a buɗa tazarar launukan biyu ko a gajarta nisan da suke narkewa a ciki, matakan su ƙaru ko su matsu.

Duba ratsi a girman kashi 100 ake yi, Ctrl da 1. Idan an rage girman kallo, Photoshop yakan nuna ratsin da babu shi a fayil, ka yi ta wahalar gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Don ka tabbatar, ɗora leyar Levels ta wucin gadi a can sama, ka matso da farin maki da baƙin maki kusa da juna sosai. In akwai matakai za su fito ɓaro-ɓaro; in tsaki ka gani kamar rairayi, aiki ya yi. Sai ka goge leyar.

Narkar da launi zuwa babu yana da nasa tarko. Ana yawan bukatarsa idan za a ɗora rubutu a ƙasan hoton Harami ko Masallacin Annabi (SAW). Ka sa launi ɗaya a duka tashoshin ƙasa biyu, kaurin kawai za ka canza a sama. In gefen da ke ɓacewa fari ne ko baƙi alhali ɗaya gefen kore ne, tsakiyar za ta yi hazo-hazo ko toka-toka. Sannan tashoshin kauri biyu kaɗai, 80 da 0, suna barin wani layi da ido ke gani a inda launin ya ƙare, don sauyin ya tsaya kwatsam. Sassauta wutsiyar: 80 a 0, 60 a 30, 22 a 62, 6 a 85, 0 a 100. Idan hoton kansa ake so ya narke cikin bayan katin, a kan Layer Mask, mayafin da ke ɓoye sashen hoto ba tare da goge shi ba, za a ja baƙi zuwa fari, kada a taɓa hoton da magogi.

Rubutun zinare shi ma wannan aikin ne, ta Gradient Overlay a cikin Layer Style. Rawaya biyu ba sa yin zinare. Ƙarfe yana ƙyalli ne saboda haske da duhu suna maƙwabtaka kusa-kusa, saboda haka ana bukatar tashoshi da yawa masu hawa da sauka: #7A5A16 a 0, #E9C965 a 20, #B8892B a 44, #FFF3C4 a 52, #C9A23F a 72, #8A6A1F a 100, kusurwa 90. Ɗan tsallen nan daga 44 zuwa 52 shi ne ƙyallin. Idan layi uku na rubutu suna leya ɗaya, launin zai bazu a kan ukun gaba ɗaya, layin sama ya yi duhu, na tsakiya ya yi fari. A raba kowane layi da leyarsa. A salon rubutun Larabci na sulusi mai dogayen alif da lam, a duba inda ƙyallin ya faɗa, a ja shi da linzami a kan aikin yayin da akwatin Layer Style ke buɗe har ya zauna a jikin haruffa, ba can saman alif ba. A kuma gaya wa mai aiki tun da wuri cewa wannan zinaren na allo ne. A takarda rawaya da ruwan ƙasa zai fito, ba ya walƙiya. In ƙyallin gaske yake so, sai maɗaba'a ta buga masa basma, wato manna siririn zinare mai ƙyalli a kan takarda, ita kuma fayil dabam take so, baƙi ƙirin kashi 100, babu wata narkewa a ciki.

Gradient Map wani abu ne dabam: yana ɗora launin hagu a kan duhun hoto, na dama a kan haskensa. Yana da amfani wajen sa hotuna uku da aka ɗauka da wayoyi uku su zama 'yan gida ɗaya. A kula da fuska. Kore ko shuɗi a kan baƙar fata yana mayar da ango kamar wanda ya tashi daga jinya. A sa shi a Soft Light, kauri 20 zuwa 30, a share shi daga fuska da hannuwa ta mask.

Wajen bugawa, kafin komai a tambayi mai maɗaba'a abin da injinsa ke so, domin masu buga bana da yawa sun fi son RGB, wato ja da kore da shuɗi na allo, injin ya juya da kansa, masu buga kati kuma CMYK, wato tawada huɗu: C shuɗi-shuɗi, M ja-ja, Y rawaya, K baƙi. Ctrl da Y yana nuna yadda aikin zai fito a tawada, Ctrl, Shift da Y kuma yana shafa toka a kan launukan da tawada ba ta iya kaiwa. Shuɗi mai ƙyalli, shunayya da kore shar su ne kan gaba wajen mutuwa, kuma idan gefe ɗaya ya mutu, duk narkewar ta canza kama. Kuskuren da ya fi yawa a CMYK shi ne narkar da kore zuwa baƙi zalla, wato K 100 sauran sifili. Koren yana janyewa kafin baƙin ya cika, tsakiyar ta koɗe. A bar koren a cikin baƙin: daga C 90, M 20, Y 90, K 10 zuwa C 80, M 30, Y 70, K 100. Jimillar na ƙarshen 280, ƙasa da 300 da yawancin takarda mai santsi ke ɗauka. In aka wuce haka tawadar ba ta bushewa da wuri, kati ya manne wa kati. A ɗaya ɓangaren, idan launi zai narke zuwa farin takarda, ɗigon tawada na ƙasa da kashi 3 yakan ƙi kamawa a wasu injina, sai a ga gefe ya yanke. Gara a tsaya a kashi 4 ko 5 har bakin takarda. Idan za a buɗe aikin a CorelDRAW, kamar yadda shagunan talla da yawa ke yi, a miƙa bayan a matsayin hoton TIFF da aka riga aka haɗe, rubutun kuma dabam, don kada wata manhaja ta sake lissafa maka tsakiya.

Na waya kuwa sRGB ne, a kunna Convert to sRGB wajen fitarwa. PNG ya fi riƙe santsi. In JPEG ne, kada ingancin ya yi ƙasa da 90. WhatsApp yana matse duk hoton da aka tura a matsayin hoto, kuma bayan kati mai duhu shi ne farkon abin da ke farfashewa, don haka fayil ɗin mai aiki ko na maɗaba'a a tura shi ta Document. Status da Snapchat babu makawa sai sun matse. Ka ɗora shi inda kai kaɗai za ka gani, ka duba a waya mai arha da hasken allo a sama, in ratsi ya fito ka ƙara tsakin da rabin maki ka sake gwadawa.

Idan haɗin ya yi maka, rubuta masa suna a Gradient Editor ka danna New, sannan Export ya ba ka fayil mai ƙarewa da .grd, wanda Photopea ma yana buɗewa a burauza ga wanda ba shi da Photoshop. GIMP nasa .ggr ne. Sa lambobin da gurabensu a wani ɗan rubutu kusa da fayil ɗin, har da Method da ka yi amfani da shi, domin manhajojin waya irin su PixelLab da Canva ba sa karɓar .grd, da hannu za ka sake jera tashoshin a can.